Kwana Ɗaya A Gidan Mai Gadi

Wannan makon layi ya zo kanmu. Maimakon mu kawo bayani a kan ƙa'idojin rubutu kamar yadda aka saba, mun ga ya fi mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi mu uku a makon ƙarshe na watan Disambar 2022, da abin da ta jawo wa littafin da muke rubutawa.

Mu ukun nan 'yan cikin badala ne. Lungu ɗaya muka tashi, tare muka yi makarantar allo, tare muka yi difloma, tare kuma muka shiga ƙungiyar marubuta. Tun muna makaranta akwai wani shagon kwamfuta a wajen ganuwa, tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa, inda muke zuwa buga rubutunmu da dare saboda suna barin janareto har ƙarfe sha ɗaya. Layin shagunan yana da mai gadi, wani dogon dattijo mai rawani wanda ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu. Kullum yana gefen rumfa da kurfotinsa da 'yar butar shayi. Shekara huɗu muna shan shayinsa. Baba Buzu muke ce masa, shi kuma ya ce mana samari. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mana a rai mu tambaye shi sunansa ba.

A lokacin muna tsakiyar wani littafi na haɗin gwiwa, kowa da babinsa. A babi na tara jaruminmu ya ɓace a hamada, kuma mun riga mun zana masa hamadar tsaf: tsaunukan rairayi iya ganinka, rana kamar za ta narka ƙarfe, ƙwarangwal ɗin raƙumi a gefen hanya. Duk daga fina-finai muka kwaso. Wani dare mawaƙin cikinmu ya ci karo da hotuna a Facebook na masu yawon buɗe ido a hamadar Kizilkum ta ƙasar Uzbekistan. Suna kwana a irin tantin makiyayan can da ake kira yurt, zagayayye, an lulluɓe shi da bargon gashin tumaki, ga darduma a ciki, ga raƙuma masu tozo biyu a waje. Ya dinga cewa ina ma mu ne. Da ya ga mun gaji da shi, sai ya miƙa wa Baba Buzu wayar.

Dattijon ya matso da ita kusa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ta mutanen ƙasar ƙanƙara ce. Tamu da kaba ake yi." Ya mayar da wayar ya ci gaba da fifita gawayi. Can ya ce, "In gani kuke so, samari, ku je gidana ku kwana."

Dariya muka yi, muna zaton wasa ne. Sai da muka shiga lungu a hanyar komawa ɗayanmu ya ce, "Kun ji fa, gidana ya ce." Muka yi shiru. Gaskiyar magana, a cikin kawunanmu Baba Buzu benci yake da shi, ba mu taɓa haɗa shi da gida ba.

Ashe da gaske yake. Washegari ya kira ƙaninsa a waya suka yi magana da harshen da ko kalma ɗaya ba mu tsinta ba. Ya ce kada mu kuskura mu miƙa wa kowa kuɗi a can. Mu sayi sukari da ganyen shayi da gero in mun isa Agadas, mu tafi da turmin atamfa daga Kantin Kwari. Ya ba mu wani ƙullin leda da 'yan takalma na yarinya ya ce mu kai. Iyayenmu mata ba su so tafiyar ba saboda labaran hanya. Mahaifin babbanmu ne ya tsaya mana, shi da ya taso yana ganin raƙuma suna shigowa Kano da gishiri da kanwa. Ya ce tunda mai gida ne ya gayyata, kuma ɗan uwansa ne zai tarbe mu, mu je, gani ya kori ji.

Muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka boda a Kwangwalam, muka wuce Matamai muka kwana a Damagaram. A nan muka fara sanin mun bar gida, domin Hausa ake yi mana amma lissafin kuɗi ya gagare mu. Da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, sai mai shayi ya ce ashirin kai kuma ka miƙa ɗari. Da asuba muka hau babbar bas ta arewa. Bayan Tanut gonakin gero suka fara ja da baya, bayan Adarbisanat kuwa sai fili da ƙaya. Tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne, kuma wani yankin hanyar ya lalace, don haka sai bayan magariba muka shiga gari.

Da safe muka je muka tsaya a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da zallar ƙasa, tsawonta mita 27. Asalin ginin na wajen 1515 ne, kuma a 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A kasuwa kowa Hausa yake yi. Muna tsaye a nan ƙaraminmu ya ce, "Agadasawa." Muka kalle shi. Ya ce, "Unguwar Agadasawa mana. Ashe nan ake nufi." Tun muna yara muke ratsa unguwar nan, muna kiran sunanta kamar yadda muke kiran sunan kowace unguwa, ba mu taɓa jin garin da ke cikin sunan ba. Ta wannan hanyar ayari ke sauka Kurmi da gishiri su koma da gero da tufafi. Ta nan Bature Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya bi a 1850 kafin ya iso Kano a farkon 1851. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatauci ya juya kudu, birnin ya ba wa arewa baya, mu kuma muka gaji bayan.

Ƙanin Baba Buzu ya zo da wata tsohuwar Land Cruiser. Ya ce da can Turawa yake ɗauka da ita zuwa duwatsun Azbin, har tawayen 2007 ya kori masu yawon buɗe ido. Mawaƙinmu ya tambaye shi yaushe za mu fara ganin tsaunukan rairayi. Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce waɗannan suna can gabas, cikin Tenere, hanyar da ayarin gishiri ke bi zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, kuma yanzu mota ba ta shiga sai da rakiyar sojoji. Ya ce, "Malam, dabba ba ta cin rairayi. Mutane suna inda ciyawa take."

Kudu maso yamma muka nufa, wajen dutsen Tigidit, tafiyar awa biyu da wani abu a kan sawun taya. Bayan la'asar muka hango zangon. Bukkoki biyar ne, nesa da juna, launinsu ɗaya da ƙasar wurin, har sai ka matso za ka rarrabe su. Ƙasar tsakuwa ce da busasshiyar ciyawa, ga aduwa da farar ƙaya nan da can. Muna sauka ƙarangiya ta kama ƙafafun wandunanmu. Minti goma na farko da muka yi a hamadar da muka yi wata biyu muna mafarki, a tsugune muka yi su muna cire ƙaya, yara suna kallonmu suna dariya.

Bukkar ba ta yi kama da ta cikin hoton ba. Sanduna ne aka lanƙwasa kamar baka aka ɗaure, aka shimfiɗa tabarmin kaba a kai, wani kan wani, aka zagaye gindin da wata doguwar tabarma mai saƙar ciyawa da fata don tare iska. Sai ka durƙusa za ka shiga. A ciki gado ne ya cinye fiye da rabin wurin, na manyan sanduna masu sassaƙa, ga jakunkunan fata masu tuntu a rataye. Babbanmu ya juya wajen ƙanin ya fara godiya da neman izinin ajiye kaya. Mutumin ya ce, "Ba ni za ka tambaya ba. Ko yayana yana nan ba shi za ka tambaya ba. Ga mai ɗakin can."

Ya yi mana bayani cewa a wurinsu ɗaki na mace ne. Mata ne ke saƙa tabarmin, dangin amarya ne ke haɗa shi lokacin biki, da shi take zuwa gidan aure. In aure ya mutu namiji ne zai ɗauki sirdinsa ya fita, ɗakin ya zauna da mai shi. Ehan suke ce wa bukkar, kuma da kalmar suke faɗin an yi aure. Muka je muka durƙusa muka gaishe ta, muka ce Inna mun same ku lafiya. Ba ta rufe fuska ba, a wurinsu maza ne ke rufewa. Ta karɓi ƙullin ledar ba ta buɗe ba, ta kira 'yar ta gwada mata takalman. Sun yi mata kaɗan. Da girman da ya bar ta da shi ya auna.

Kunyarmu ta farko a wajen alwala muka ji ta. Aka kawo buta ɗaya, ƙaraminmu ya ɗauka ya yi irin alwalar da muka saba a bakin famfon masallaci, ya miƙo ta wayam. Ba wanda ya ce komai. Yarinyar ta ɗauka ta sake cikowa daga jarka. Sai daga baya muka ji cewa da sassafe take kora jakuna zuwa rijiya, ba ta dawowa sai rana ta take. Mahaifin Inna, tsoho tukuf, ya yi tasa alwalar da ruwan da bai cika moɗa ba, kuma babu gaɓar da ya bari.

Da dare aka hura wuta. Ƙanin ya kwaɓa fulawa, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullun a cikin rairayi mai zafi ya mayar da garwashin a kai. Da ya tono shi ya kakkaɓe, aka gutsuttsura aka zuba miya, ko ƙwayar yashi ba mu tauna ba. Tagela suke ce masa. Aka kawo irin furarsu ta gero da cuku da dabino, sannan shayi zagaye uku, daidai yadda Baba Buzu yake yi mana a bakin shago. Indomie da kifin gwangwanin da muka ciko jaka da su, kunya ta hana mu fito da su.

Tsohon yana jin Hausa sosai. Da ya ji daga Kano muke sai ya sa aka ɗauko wani ƙunshi a cikin takarda. Turkuɗi ne, baƙi mai sheƙi, yana shafa shi shuni yana kama yatsunsa. Ya ce daga Kura aka kawo, sai da salla yake naɗa shi. Ya tambaye mu ko har yanzu masu bugu suna nan suna dukan zane a kan gungume. Muka kalli juna. Kura ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga ƙofar gidanmu ba, amma babu wanda ya taɓa leƙa marinarta a cikinmu. Shi ne kuma ya gyara mana suna, cikin dariya ba da faɗa ba. Ya ce ya san a Kano duk mai rawani Buzu ne, amma su Kel Tamajak suke ce wa kansu, wato masu harshen Tamajak, kuma tsofaffin Hausawa Azbinawa suke ce musu.

Daga bakinsa muka ji yadda aka yi surukinsa ya zama mai gadi. Farin 1973 ya rage dabbobi, na 1984 ya share sauran. Saurayi ne a lokacin, ya bi motar kaya ya yi kudu, bai tsaya ba sai Kano. Tun daga nan yake gadi, yana aiko da kuɗi ana sayen akuya ɗaya ɗaya. Garken da muka gani ana tatsa da magariba, daga bencin nan ya fito. Muka yi lissafi a zuci. Mutumin da muke ɗauka baƙo ya fi kowannenmu daɗewa a Kano.

Inna tana zaune can gefe da sauran mata. Ɗanta, yaro ɗan kimanin shekara sha biyar, shi ke yi mana tafinta. Ta tambayi lafiyarsa, ta tambaya ko tarin da yake yi da sanyi ya tashi. Sai yaron ya ce, "Ta ce an ce garinku da ganuwa. A ciki yake kwana ko a waje?"

Muka ce a waje, amma kusa.

"Ta ce ɗakin nasa na ƙasa ne ko na siminti?"

Ba wanda ya amsa. Kowannenmu ya san inda yake kwana, mun sha tsallake ƙafarsa in za mu fita daga shago. Ƙarya tana bakinmu, ƙaramar ƙarya mai sauƙi, irin wadda ake yi don a kwantar wa mutum da hankali. Babbanmu ne ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba ɗaki ba ne. Rumfa ce a bakin shago, da benci da kwali."

Yaron ya kalle mu, bai juya maganar ba. Sai muka ji ta da bakinta, da Hausa, ta ce, "Ai na sani, ɗana. So nake in ji ko ku kun sani."

Daga nan ta tashi ta kwashe 'yarta suka koma bukkar mahaifiyarta, ta bar mana tata saboda sanyi. Biyu a gado, ɗaya a tabarma. A littafinmu mun ba wa zafin hamada shafi uku, sanyinta ko layi ɗaya ba mu ba shi ba. Hunturun Kano wasa ne a kan wannan. Muka sa duk rigunan da muka zo da su, muka shige cikin bargo mai warin hayaƙi da fata, iska tana shigowa ta saƙar tabarma tana sosa mana fuska. Babu janareto, babu Adaidaita, babu rediyon maƙwabta. Shirun har ƙara yake yi a kunne. Barci bai zo ba, kuma ba sanyi kaɗai ya hana shi ba. A kan gadonsa muke.

Can tsakar dare muka fito kama ruwa, muka tarar da yaron zaune kusa da garke da sanda, saboda diloli. Wata ya daɗe da faɗuwa, taurari sun sauko kamar ka miƙa hannu. Ya nuna mana kaza da 'ya'yanta, ya ce su 'yan matan dare suke ce musu. Ya nuna wasu bakwai da suke tasowa ta arewa maso gabas ya ce taguwa ce, ga ɗanta can a ɗaure. Muka tambaye shi ba ya jin barci? Ya ce ya saba. Ya ɗan yi shiru ya ce, "Babana ma yanzu idonsa biyu."

Da safe Inna ta ba mu ƙullin cuku biyu, ɗaya namu ɗaya nasa. Yarinyar ta tsuguna ta zana wasu alamomi a ƙasa, da'ira da ɗigo da gicciye. Muka ɗauka wasan yara ne. Yaron ya ce rubutunsu ne, Tifinag, wurin uwarta ta koya, saƙo ne ga babanta. Mu uku marubuta, da difloma uku, muka tsuguna muka kwafi zanen a takarda kamar 'yan kotso, ba mu san me muke rubutawa ba.

Daren da muka dawo Kano muka wuce shago kai tsaye. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kun ji sanyi?" Muka ba shi cukun da takardar. Ya haska ta da tocila, ya karanta, ya ninke ta ya cusa cikin rawani. Bai gaya mana abin da ke ciki ba. Babbanmu ya ce, "Baba, don Allah mene ne sunanka?" Ya yi dariya ya ce, "Sai da kuka je Azbin kuka dawo?" Ya faɗa mana. Ba za mu rubuta shi a nan ba don bai ce mu rubuta ba, amma da shi muke kiransa yanzu. Mun haɗa kuɗi mun saya masa bargo da katifa. Ya karɓi bargon, ya ce mu mayar da katifar, mai gadi da katifa ai ɓarayi sun samu. Har yau a rumfar yake kwana, kuma da aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 zuwansa gida ya ƙara wuya.

Sai littafin. Mun buɗe shi a kwamfuta muka nemo kalmar "mai gadi". Sau ashirin da uku ta fito. A duka ashirin da ukun get yake wangalewa ko rufewa bayan an danna masa hon. Sau biyu ya yi magana, duka biyun "Sannu da zuwa, Alhaji" ya ce. Ba shi da suna, ba ya cin abinci, ba ya kwana ko'ina. Motar Alhajin kuwa mun faɗi launinta da ƙirarta da ƙamshin cikinta. Kun san ba mu kaɗai ba ne, duk mai karanta littattafanmu na yanzu ya san wannan mai gadin.

Babi na tara mun rushe shi mun sake. Ya ragu da rabi. Yanzu jarumin ƙarangiya ce ta fara kama shi, sanyi ne ya kusa kashe shi, kuma mace ce ta ba da izini kafin a shigar da shi ɗaki. Mawaƙinmu ya so mu ajiye komai mu fara sabon littafi a kan Azbinawa, muka hana shi. Kwana ɗaya muka yi. Wanda ya kwana ɗaya a gari baƙo ne, abin da zai iya bayarwa shi ne labarin daren, shi muka ba ku. Mai gadin littafin dai ya samu suna da tari da 'ya mai jiran takalma, kuma da muka ba shi waɗannan sai labarin ya tilasta mana canza wasu babi biyu, domin mutumin da ke zaune a bakin get dare da rana ya san abubuwan da matar gidan ba ta sani ba.

Ga ɗan aikin da muke roƙon ku yi kafin mako mai zuwa. Kowa ya buɗe rubutun da yake kai, ya nemo mai gadi, ko 'yar aiki, ko direba, ko almajirin da ake aike. Ya ƙirga sau nawa ya fito, da sau nawa ya buɗe baki. Sannan ya yi wa kansa tambayar Inna: a ina yake kwana? In ba ka da amsa, ba sai ka je Agadas ba. Akwai irinsa a bakin layinku, kuma wataƙila ka sha shayinsa jiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.